Sanarwa Kan Lissafin Mita da Yadi

Assalamu alaikum Alhazai da sauran ƴan'uwa masu sana'ar yadi a kasuwar Balogun da Idumota da ke Legas.

Muna jan hankalinku kan wani kuskure da ke yawan aukuwa wajen fitar da farashi, musamman ga waɗanda ke saro shadda da yadi daga Sin ko Dubai, inda takardar kaya ke zuwa da awon mita alhali mu a nan da yadi muke yanka wa mai saye. Yadi ɗaya inci 36 ne, wato santimita 91.44, don haka mita ya ɗara yadi da kusan santimita 9, kuma wannan ɗan bambancin da ido ke rainawa shi ne ke zama yadi 9 da ƴan kai a cikin kowane mita 100.

Idan za a mayar da mita zuwa yadi, a ninka adadin da 1.094, bandir mai mita 30 zai ba da yadi 32.8. Farashi kuwa akasin haka yake tafiya, kuma a nan ne yaran shago suka fi ruɗewa: idan mita ya tsaya a kan naira 10,000, to kuɗin yadi naira 9,144 ne, kafin a ɗora kuɗin dako da riba. Turmin atamfa mai yadi 6 bai kai mita biyar da rabi cif ba.

Muna roƙon kowa ya auna sandar awon shagonsa da tef a wannan makon.