Godiya ga Masu Aikin Sa Kai na VITA a Bronx

Assalamu alaikum. Mu Hausawa mazauna Bronx a birnin New York muna miƙa godiya ga masu aikin sa kai na shirin VITA na taimaka wa mutane cike takardun haraji, wanda hukumar harajin Amurka ta IRS ke kula da shi, saboda yadda suke karɓar matan da Allah Ya yi wa mazajensu rasuwa.

An daɗe ana cutar waɗannan bayin Allah. Mace ta fito daga takaba, ta kai takardun maigidanta wani shagon cike haraji, a karɓi kuɗi masu yawa, a rubuta ta a matsayin marar aure. Alhali doka ta ba ta damar cike fom 1040, wato takardar harajin kuɗin shiga ta shekara, na haɗin gwiwa da sunan marigayin a shekarar da ya rasu, kuma rangwamen ma'aurata, wato adadin kuɗin shiga da ake cirewa kafin a lissafa haraji, ninki biyu ne na marar aure. Wasu masu shagon ma ba sa sanya hannu ko lambarsu ta PTIN, wadda IRS ke ba masu cike haraji don kuɗi, in wasiƙar IRS ta zo sai a neme su a rasa.

A VITA kyauta ake yi wa masu ƙaramin ƙarfi. Akwai wata dattijuwa a cikinsu da ta cancanci yabo na musamman. Sai ta yi wa mace ta'aziyya kafin ta taɓa takarda, sannan ta jera W-2 da 1099, takardun da ke nuna albashi da sauran kuɗin shiga, na mamacin gefe guda, na matar gefe guda, ta nuna mata da biro inda ake nuna "Deceased" (wato ya rasu) da ranar rasuwa a saman fom, da inda za ta rubuta "Filing as surviving spouse" (wato matar marigayin ce ke miƙawa) wurin sa hannu. Ba a haɗa takardar shaidar mutuwa, ajiye ta ake yi a gida.

Tambayar da take yi cikin ladabi ita ce ko an sake ɗaura aure. Wannan ya shafe mu ƙwarai, domin takaba wata huɗu da kwana goma ce, kuma in aka ɗaura sabon aure kafin shekarar ta ƙare, damar haɗin gwiwa da marigayin ta faɗi. Wadda ba ta sake aure ba, tana da yaro a hannunta, kuma ita ke ɗauke da fiye da rabin kuɗin gida, tana samun rangwamen ma'aurata na ƙarin shekara 2.

Abin da ya fi ƙarfin masu aikin VITA kuwa ba sa ɓoyewa. In dukiyar mamaci ta kawo kuɗin shiga na dala 600 ko fiye a shekara bayan rasuwarsa, fom 1041 na harajin dukiyar mamaci ake buƙata, sai su ce a nemi ƙwararre.

Allah Ya saka muku da alheri. Da ma masu shagon cike haraji za su riƙa gaya wa mutane cewa fom 4868 na neman ƙarin lokaci, lokacin miƙa takardu kawai yake ƙarawa zuwa 15 ga Oktoba. Kuɗin da hukuma ke bi dole a biya zuwa 15 ga Afrilu, in ba haka ba tara da kuɗin ruwa su hau kan marayu.