Aikin jirgin ruwan attajirai: kafin yaranmu na Yauri su sayar da gona su ba ejan

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Don Allah ka ba ni ɗan fili a jaridarka in yi magana kan wani abu da ya fara shiga kan samarinmu na bakin kogi, daga Yauri zuwa Ngaski har Bagudo. Bidiyo ne ke yawo a TikTok da Facebook, za ka ga yaro sanye da farar riga da gajeren wando yana wanke wani ƙaton jirgin ruwa fari fat, a ƙasa an rubuta wai albashinsa na wata ya fi na darakta a ma'aikata, kuma ci da kwana duk kyauta. Yanzu a majalisar mai shayi ba ka jin komai sai zancen yot, wato jirgin ruwan shaƙatawa na attajirai, har wasu sun fara tambayar nawa ake biyan ejan.

To gaskiya aikin akwai shi, ba ƙarya ba ne. Duk jirgin shaƙatawa da ya wuce mita 24 ana lissafa shi cikin manya, kuma irin waɗannan ba sa tafiya sai da ma'aikata na dindindin. An raba su kashi huɗu, akwai 'yan dek, wato masu aikin saman jirgi, masu wanki da igiya da anga da tuƙa ƙananan jirage, akwai 'yan ciki masu gyaran ɗaki da guga da kai abinci, sai injiniyoyi, sai kicin. Sabon shiga a dek yakan samu wajen Yuro 2,500 zuwa 3,000 a wata, kowa ya buga a canjin yau ya ga abin da ya sa idon yara ya rufe. Abin da bidiyon ba ya nunawa shi ne mutum zai yi wata da watanni yana wanke gishirin teku a jikin jirgi da safe, ya goge ƙarfe har ya ga fuskarsa, gobe gishirin ya dawo ya sake, ya kwana a ɗan ƙuntataccen ɗaki can ƙasan jirgi gado kan gado shi da wani, in baƙi na ciki kuwa sai ya yi tsayuwar awa goma sha da murmushin dole. Doka ta ce ma'aikacin jirgi ya samu hutun aƙalla awa 10 a cikin 24, da awa 77 a mako, kai ka san in har sai da aka rubuta wannan a doka to aikin ba na raggo ba ne.

Maganar da ta kawo ni ita ce takardu. Yaronmu na kwata ya san ruwa, wannan ba gardama. Ɗan Sarkawa ko Bagunge tun yana shekara bakwai yake tuƙa kwalekwale, ya kalli fuskar ruwa ya gaya maka inda kututture yake a ƙasa, duk wanda ya taɓa kallon Rigata a Yauri ko wasan kabanci a Argungu ya san abin da nake faɗi. Amma babu kyaftin ɗin da zai ɗauke ka don ka iya ninƙaya. Abu na farko da za a tambaye ka shi ne satifiket na STCW, wata yarjejeniya ce ta hukumar jiragen ruwa ta duniya IMO tun 1978, an yi mata babban gyara a 1995 da kuma 2010 a Manila. Kwas ɗin farko bai fi mako guda ba, ana koya maka kashe gobara, da yadda za ka tsira in an bar jirgi a tsakiyar teku, da taimakon gaggawa, da zama lafiya da abokan aiki. Na biyu takardar likita, wadda aka fi nema a wannan harka ita ce ENG1 ta hukumar Ingila, ba ta wuce shekara 2 sai an sabunta, kuma ana gwada ido sosai, wanda ba ya bambance ja da kore ya manta da aikin dek, domin da daddare fitilar hagu ja ce ta dama koriya, da su ake gane inda wani jirgi ya dosa. A gida kuma akwai littafin ma'aikacin jirgi da NIMASA, hukumar kula da harkar jiragen ruwa ta Najeriya, ke bayarwa, ga makarantar koyon aikin jirgin ruwa a Oron ta jihar Akwa Ibom, ga jami'ar da ke Okerenkoko a Delta. Sai Turanci, wanda nan ne yawancin yaranmu za su faɗi, don umarni a rediyo ake ba da shi cikin gaggawa ba mai maimaita maka.

Sannan ga biza, wadda ita ce ƙashin bayan matsalar ga mai koren fasfo. Kasuwar aikin tana Antib a kudancin Faransa, da Palma a Sifaniya, da Fot Lodadel a Amurka. Da bazarar Turai jiragen suna tekun Bahar Rum, in sanyi ya shigo da yawansu su tsallaka Karibiyan. Yaran Turai sukan tashi da asuba su bi tashar jirage ɗaya bayan ɗaya da takardunsu a hannu suna neman aikin yini, kai kuwa in ka shiga da bizar yawon buɗe ido ka yi haka ka karya doka, ana iya kama ka a maido ka gida. Don haka duk wanda ya ce maka kawo miliyan kaza ya sama maka gurbi a jirgin wani balarabe, ka tambaye shi sunan jirgin da tutar ƙasar da yake ɗauke da ita, ka ga yadda zai fara kame-kame. Yarjejeniyar kare haƙƙin ma'aikatan jirgin ruwa, wato MLC ta 2006, wadda Najeriya ta amince da ita a 2013, ta hana kamfanin ɗaukar ma'aikata karɓar kuɗi a hannun mai neman aikin jirgi, mai jirgin ne ke biya. Wannan kaɗai ya isa ka gane ɗan damfara. Hanyar da na ga ta fi kama hankali ita ce yaro ya yi kwas ɗinsa a nan gida, ya fara da jiragen Legas ko Fatakwal ko masu kai kaya rijiyoyin mai, ya tara kwanakin teku a littafinsa, daga baya ya nemi na waje.

Iyaye kuma akwai abin dubawa. Aikin 'yan ciki akwai zuba giya ga baƙi, kicin akwai naman alade, wannan ba ɓoyayye ba ne. Wanda ke tsoron abin da zai taɓa addininsa ya nufi dek ko ɗakin inji, ni ma da zan ba ɗana shawara inji zan ce, don makanikin da ya iya dizal da lantarki ko ya dawo gida ba zai kwana da yunwa ba.

Yanzu bari in zo kan ƙirar jiragen, don wallahi nan ne abin ya fi taɓa ni. Mutane na ganin wurin wanka da filin saukar helikwafta da manyan tagogin gilas, su ce almubazzaranci, kuma da gaskiyarsu, jirgin Azzam da kamfanin Lürssen na Jamus ya ƙera a 2013 tsawonsa mita 180 ne don iyali guda. Amma abin da injiniya ya fi kashe wa lokaci ba ya fitowa a hoto. Manyan jiragen irin na Feadship a Holan ko Benetti a Italiya, gangar jikin ƙarfe ce, benayen sama kuma alminiyam, dalili kuwa a bar nauyi a ƙasa, sama ta yi sauƙi, in igiyar ruwa ta karkata shi ya dawo daidai da kansa. Cikin gangar an yanka ta ɗaki-ɗaki da bangon da ruwa ba ya ratsawa, in gaba ta fashe ruwan ya tsaya a ɗaki guda maimakon ya cika jirgin. A gefe ƙarƙashin ruwa akwai wasu fukafukai da kwamfuta ke juyawa don rage tangaɗi, ƙananan jirage kuma ana sa musu wani ƙarfe mai nauyi da ke juyawa da gudu a ciki yana riƙe su. Akwai masu ratsa ruwa a hankali su ci dogon zango da mai kaɗan, akwai na faiba marasa nauyi da ke ɗagowa su yi gudu a saman ruwa su sha mai kamar ba gobe. Yanzu ma an koma haɗa dizal da batir, Feadship sun fitar da Savannah a 2015 da irin wannan tsari. Duk da haka teku ba ta da aboki, a Agustan 2024 Bayesian, jirgi mai tafiya da iska na wani attajirin Ingila, ya nutse a gaɓar Sisili mutum 7 suka rasu.

To ka juyo ka dubi namu ranar kasuwa. Jirgin katako buɗaɗɗe daga gaba har baya, buhunan hatsi an jibga su sama, babura a kan buhuna, mata da goyo a kan gefe, tazarar da ke tsakanin bakin jirgi da ruwa ba ta kai tafin hannu ba, yaro ɗaya na tsakiya da roba yana kwalfe ruwa tun daga tashi har sauka. Ba mu manta da Mayun 2021 ba, lokacin da jirgin da ya taso daga jihar Neja zuwa Warra a Ngaski ya tarwatse da mutane fiye da 100, Allah ya jiƙansu. Tun da aka gama madatsar Kainji a 1968 itatuwan da ruwa ya shanye suna nan a ƙasa suna jiran katako. Nauyi a ƙasa, bango a tsakiya, layi a jikin jirgi wanda in ruwa ya taɓa shi an daina lodi, rigar ruwa ga kowa, wanne ne a ciki ya fi ƙarfin kafintan jirgi na Yauri in an nuna masa? Ba sai da Yuro ba.

Shi ya sa nake kira ga gwamnatin Kebbi da masarautun Yauri da Argungu, yadda ake ɗaukar nauyin yara zuwa karatun likita a waje, a ware gurbi ga 'ya'yan masunta da 'yan fito, a kai su Oron su yi STCW, a haɗa musu da ajin Turanci na wata shida. Wanda Allah ya ba sa'a ya tafi teku ya turo wa iyayensa kuɗi, wanda bai samu ba ya dawo kwata da ilimin kashe gobara da ceton rai, hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa na cikin gida ta ɗauke shi ya riƙa duba lodi ranar kasuwa. 'Yan majalisarmu da ke rabon babura da injin markaɗe duk shekara, don Allah ko mutum goma-goma ku gwada a bana mu gani.

Na gode Edita, Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Naku,
Wani mai karatu daga Yelwan Yauri, jihar Kebbi