Wasiƙa zuwa ga ɗana da ke karatu a Ankara

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, nan gida kowa lafiya lau, ƙafar Hajiya ma ta yi sauƙi.

Yayarka ta nuna mini tsarin binciken da ka tura mata, wanda ni ba ka ga dama ka turo mini ba. Kana so ka tabbatar da cewa daga 1923 zuwa 1955 babu abin da Turkiyya ta nema wurin maƙwabtanta sai zaman lafiya. Wa ya gaya maka? Ko fayil ɗaya ba ka buɗe ba, ka riga ka yanke hukunci. Tun da takardar tallafin karatun nan ta zo nake tsoron kada cin abincin mutane ya mai da kai maroƙinsu. Ba su ce ka yi ba, na sani. Kunyar ido ce za ta sa ka, irin wadda ta kai Kawunka inda ta kai shi.

Dubi ƙawancen Balkan da aka sa wa hannu a Atens ranar 9 ga Fabrairu 1934: Turkiyya, Girka, Romaniya da Yugoslabiya. Kafin ka yabe shi, tambayi wanda ba ya ciki. Bulgeriya ce, domin ita ke neman a sake shata iyakoki, kuma saboda ita aka ƙulla shi. Turkiyya ta gindaya sharaɗin ba za a ja ta yaƙi da Tarayyar Sobiyet ba, Girka ta ce ita ma ba za ta yaƙi Italiya saboda wani ba. Da Italiya ta auka wa Girka a Oktoban 1940 kuwa, Turkiyya ba ta shiga yaƙin ba. Haka yarjejeniyar Sa'adabad ta 8 ga Yuli 1937 a Tehran, da Iran, Iraƙi da Afghanistan. Karanta sashe na 7, inda kowacce ta yi alkawarin hana 'yan bindiga fakewa a ƙasarta su tayar wa maƙwabciya hankali. Sai ka ajiye shi kusa da tawayen Kurdawa na dutsen Ararat a 1930 da gyaran iyakar Turkiyya da Iran na 1932. A tsarinka ban ga kalmar Kurdawa ko sau ɗaya ba. Mantuwa ce ko tsoro? In tsoro ne, ka sake maudu'i tun yanzu, kada ka ɓata shekarunka da sunan gidan nan. Ƙawancen Bagadaza na 1955 ma ba ya fahimtuwa sai ka sa Birtaniya da Amurka da Masar ta Nasir a lissafi, ka bi shi har juyin mulkin Iraƙi na 14 ga Yuli 1958.

Ban ce ka zagi kowa ba. Yadda suka karɓo ikon mashigin Bosforus da Dardanel a Montreux a 1936, ta hanyar tattaunawa, gwaninta ce. Ka faɗa, amma da hujja.

Hujjar kuwa aiki ce. Duk takardar Turkanci da aka rubuta kafin Nuwamban 1928 da haruffan Larabci take, har bayan nan wasu jami'ai da su suke rubuta bayanansu na hannu. Ka ga amfanin Larabcin da na matsa maka a kai kana kuka, mahaifiyarka tana ganin na cika tsanani. Sai dai rubutun riƙ'a na ofis daban yake, ka nemi malami ka riƙa zama da shi kullum. Kula da kwanan wata: kafin 1926 kalandar Rumi ta Daular Usmaniyya suke bi, shekarar 1339 ita ce 1923, kada ka ɗauke ta Hijiriyya. Kula da sunaye: sai a 1934 aka yi dokar sunan iyali, don haka ministan harkokin waje Tevfik Rüştü Bey shi ne Aras, Ismet Pasha shi ne Inönü. In da suna ɗaya kake nema, rabin takardun za su wuce ka.

Takardun Daular Usmaniyya suna Kağıthane a Istanbul, na jamhuriya suna nan Ankara kusa da kai. Na ma'aikatar harkokin waje an daɗe ana shan wuya kafin a gan su, kada ka ɗora babi guda a kansu. Bayanan zaman majalisarsu suna intanet. Jaridar Ulus ta jam'iyyar da ta yi mulki har 1950 ce, ka karanta ta a matsayin bakin gwamnati kafin wannan shekara. Kowane abu ka gwada shi da rahoton jakadun Birtaniya a jerin fayilolin FO 371 da ke ma'adanar takardun gwamnatinsu a Kew, Landan, da FRUS, wato kundin takardun harkokin wajen Amurka, kana sane cewa su ma da tasu manufar suka rubuta. Faransanci kuma dole ne, da shi aka rubuta yawancin yarjejeniyoyin nan. Duk hoton takardar da ka ɗauka, rubuta lambar fayil ɗinta nan take.

Na san na yi zafi. Kai ne wanda ya ɗauko wannan hanya a cikinku, shi ya sa. Ka sake tsarin, ka mai da taken tambaya, ka turo mini kafin ka kai wa malaminka. Mahaifiyarka ta ce ka sayi rigar sanyi mai kauri kafin Disamba, kuɗin yana wurin Yayarka. Allah Ya yi maka albarka.

Mahaifinka.