Amsa ga mai cewa Park Ji-sung ɗan tallan riga ne

Malam, assalamu alaikum.

Na ji tambayar da ka jefo mini a shirinka na wasanni, har da dariyar da ta biyo baya. Ka ce in fito in faɗa wa duniya abin da Park Ji-sung ya taɓa yi a Manchester United ban da gudu da zaman benci, tunda na sa shi cikin manyan 'yan wasan da nahiyar Asiya ta haifa. Ka ce ƙwallo 27 a shekara bakwai ba abin tunƙaho ba ne, kuma an saye shi ne don a sayar da riguna a Koriya ta Kudu. Sannan ka rufe da cewa wataƙila ban taɓa kallonsa ba, karantawa na yi. Wannan ta ƙarshen ce ta sa na ɗauki alƙalami, don masu bin rubutuna sun san ba na yabon ɗan wasa da ji-ta-ji-ta.

Mu gama da zancen riga tukuna, ba ya buƙatar dogon bayani. A 2004 United ta ɗauko Dong Fangzhuo daga Sin, ƙasar da ta ninka Koriya yawan jama'a nesa ba kusa ba. Wasa ɗaya tak ya buga a gasar Firimiya. Park kuwa, da ya zo daga ƙungiyar PSV ta Holan a 2005 kan kusan fam miliyan 4, ya buga wasa 205, ya ɗauki Firimiya sau huɗu: 2007, 2008, 2009 da 2011. Ferguson, kocin United na lokacin, mutum ne da ya rabu da Beckham da Roy Keane ba tare da ya waiwaya ba. Shi ne zai riƙe ɗan talla shekara bakwai?

Kuma ba daga sama ya faɗo ba. A Kyoto Purple Sanga ta Japan ya fara a 2000, ya faɗi da su zuwa rukuni na biyu, ya dawo da su, ya ci ƙwallon da ta farke musu a wasan ƙarshe na Kofin Sarki ranar 1 ga Janairu 2003. Hiddink, wanda ya horar da Koriya ta Kudu a 2002, ya tafi da shi PSV a Holan, gwiwa ta ba shi matsala, magoya bayan PSV da kansu suka riƙa yi masa ihu. Bayan shekara biyu, shi ya fara zura wa AC Milan ƙwallo a Eindhoven a wasan kusa da na ƙarshe na Zakarun Turai, aka tashi 3-1, Milan ta tsira da ƙwallon waje kawai. A ƙarshen wannan kakar Ferguson ya saye shi.

Yanzu ga abin da ka kira gudu. Ka koma wasa biyun da United ta yi da Milan a Zakarun Turai a Fabrairu da Maris 2010. Duk wasan Milan daga ƙafar Pirlo yake tashi: yana tsayawa gaban masu tsaron baya, ya karɓa, ya juya, ya raba. Aikin da aka ba Park shi ne kada Pirlo ya juya. Wannan ba bin mutum a baya ba ne kamar jela. Da farko sai ka tsaya tsakaninsa da mai tsaron bayan da ke riƙe da ƙwallo, inuwarka ta toshe hanya. In ƙwallon ta sami wata kafa ta nufo shi, ka taso tun tana tafiya, ka iso tare da ita, ta yadda taɓawarsa ta farko za ta fuskanci ragarsu. Ba ka kai ƙafa. Wanda ya kai ƙafa ga Pirlo ya ba shi abin da yake so, ko dai ya kauce ya bar ka a ƙasa, ko ya sami bugun tazara, ka kwashi katin gargaɗi, sauran wasan ka yi shi a tsorace. Inda akasarin masu irin wannan aiki ke lalacewa shi ne lokacin da ƙungiyarsu ta ƙwace ƙwallo: sai su tsaya suna haki kusa da mutumin, ƙungiyar ta koma kamar mai mutum goma. Park yana sakin sa nan take ya kutsa gaba, don ya san Pirlo ba zai bi shi ba. A Old Trafford, filin United, shi ya ci ta uku. Jimillar wasa biyun 7-2, kuma Pirlo da bakinsa ya yi ta ƙorafin wannan dare shekaru bayan haka. A 2007, Milan ɗin nan ta lallasa United 3-0 a San Siro, lokacin Park yana jinyar gwiwa. Ban ce rashinsa kaɗai ya jawo ba, amma ka ajiye wasannin gefe da gefe.

Game da ƙwallo 27, lissafinka daidai ne, sai dai ka ƙirga ba ka duba inda suka faɗa ba. Akwai wadda ya ci Liverpool da ka a Maris 2010 daga bugun Fletcher, aka tashi 2-1. Akwai biyun da ya ci Wolves a Nuwamban shekarar, ta biyun a ƙarin lokaci. Akwai wadda ya ci Chelsea a Afrilu 2011 a Zakarun Turai, jim kaɗan bayan Drogba ya farke. Sai kuma guda biyar da ya zura wa ƙungiya ɗaya, har da ta minti na takwas a Emirates a 2009 bayan Kieran Gibbs ya zame, da wata cikin ƙwallo takwas ɗin nan da United ta zura mata a Agusta 2011. Ba sai na ce Arsenal ce ba, duk mai sauraron shirinka ya san rigar da kake sawa ranar Lahadi. Ina zargin wannan tambaya ba ta neman ilimi ba ce, fami ne.

Hujjarka mai nauyi guda ɗaya ce, kuma ba ka ma riƙe ta da kyau ba: Mosko, 2008. Gaskiya ne ko benci ba a sa shi ba a wasan ƙarshe na Zakarun Turai da Chelsea, Hargreaves aka ba gefen dama. Amma wa ya kai su can? Tiyatar guringuntsin gwiwa aka yi masa a Amurka a Afrilu 2007, bai dawo ba sai ƙarshen Disamba, kuma duk da haka shi aka fara da shi a wasa biyun Roma da wasa biyun Barcelona, ba a zura wa United ko ɗaya ba a cikin huɗun. Ferguson ya sha nuna cewa barin sa yana cikin shawarwari mafi ɗaci da ya yanke. A wasan ƙarshe na 2009 a birnin Roma da na 2011 a Wembley kuwa da shi aka fara, ɗan Asiya na farko da ya taka wasan ƙarshe na gasar. Duka biyun Barcelona ta cinye, ba zan ɓoye ba. A Wembley an ajiye shi a gefen hagu, aka bar Carrick da Giggs su biyu da Xavi da Iniesta da Busquets, ga Messi yana saukowa ya zama na huɗu. Daga baya Ferguson ya yarda kamata ya yi ya ɗora Park a kan Messi. Ka ga ko a ranar da aka sha kashi, nadamar koci ita ce bai yi amfani da ɗan tallan naka yadda ya dace ba.

Ka taɓo alƙalancin gasar cin kofin duniya ta 2002, wasan Koriya da Italiya da kuma na Sifaniya. Ba zan kare Byron Moreno, alƙalin wasan Italiya, ba. Amma ba alƙalin wasa ne ya tare ƙwallo da ƙirji a Incheon a wasa da Fotugal, ya ɗaga ta saman Sérgio Conceição, ya doka da hagu ta wuce Vítor Baía ba. Fotugal tana da mutum tara a lokacin, na sani. To a 2006 ya farke wa Faransa aka yi 1-1, a 2010 ya ƙwace ƙwallo ya ci Girka yana kyaftin. Gasar cin kofin duniya uku a jere, kowace da ƙwallonsa. Kuma shi ke ɗaure da kambun kyaftin a Durban ranar da aka yi 2-2 da Najeriya, ranar da Yakubu ya ɓarar da wadda har yau ba mu daina magana a kanta ba, su suka wuce, mu muka dawo gida. Wasa 100 ya buga wa ƙasarsa, ya ci 13, ya ajiye a Janairu 2011 bai cika shekara 30 ba, saboda doguwar tafiyar jirgi tsakanin Ingila da Asiya tana kumbura masa gwiwa. Bai ɗauki kofin Asiya ba, kamar yadda babu ɗan Koriyar da ya ɗauka tun 1960. Shekararsa a ƙungiyar QPR bayan ya bar United ba ta yi kyau ba, sun faɗi a 2013, ya koma PSV aro, ya yi ritaya a 2014. Na ba ka wannan kyauta.

Ban taɓa cewa ya fi Son Heung-min cin ƙwallo ba. Son ya ci 23 a kakar 2021-22 ba fenareti ko ɗaya, kuma kafin su duka akwai Cha Bum-kun mai ƙwallo 98 a gasar Jamus. Abin da ke ba ni haushi shi ne yadda sharhin ƙwallo a gidajen rediyonmu ya koma karanta teburin masu cin ƙwallo daga waya, mai sharhi bai zauna ya kalli minti casa'in ba sai guntun bidiyo na minti uku. Guntun bidiyo ba ya nuna ƙwallon da ba a iya miƙa wa Pirlo ba. Har laƙabin da Turawa suka ba Park, mai huhu uku, yabo ne mai ƙwace wa mutum ƙwaƙwalwarsa, irin wanda suka saba yi wa 'yan wasanmu na Afirka: ƙarfi da gudu, ba a ambaton basira. Mikel Obi ya sha irin wannan a Chelsea, muka ji zafi. Abin mamaki ne mu karɓi ma'aunin nan mu auna wani da shi.

Wasan Old Trafford na 10 ga Maris 2010 yana nan a intanet cikakke. Ka kalle shi, kada ka bi ƙwallo da ido, ka bi Park, mai lamba 13. In ka gama, ka gayyace ni shirin, zan zo da kuɗin motata.

Wassalam.