Makarantun Chata A Birnin New York: Abin Da Iyaye Za Su Kula Da Shi

Ya Edita,

Ka ba mu fili mu yi wa 'yan'uwa mazauna Bronx da Harlem bayani kan makarantun chata na sakandare, don da yawa suna ɗauka na kuɗi ne. Ko sisi ba a biya. Gwamnati ke zuba kuɗin, amma hukumar amintattu mai zaman kanta ke tafiyar da makarantar, bisa dokar da jihar New York ta kafa a 1998. Lasisin da ake ba makarantar, wato chata, yakan kai shekara 5, idan sakamako ya lalace ana iya rufe ta.

Babu jarrabawar shiga. Ana cike takardar nema kafin 1 ga Afrilu, idan masu nema sun fi kujeru yawa sai a jefa ƙuri'a. Wanda yayansa ko ƙaninsa ke ciki, da mazaunin gundumar makarantar, su ake fara dubawa. To nan ake yin ɓarna: uwa ta cike makaranta ɗaya tak, ƙuri'a ba ta faɗo kan ɗanta ba, sai jerin jira. A nemi uku ko huɗu. Wani kuma ya samu gurbi, amma ya yi jinkirin amsawa ko kai shaidar adireshi, kujerar ta subuce.

A kuma tambaya tun farko ko makarantar na da aji 9 zuwa 12, domin wasu a aji 8 suke tsayawa. Yawancinsu suna tashi a makare, abin da kan ci lokacin Islamiyya.

Daga wasu malamai, Bronx