Maganar ƙaninka da gyaran jirgin sama

Assalamu alaikum mutumina, ya Jidda ya zafi? Ya iyali da yara, da fatan kowa lafiya. Tun Talata na ga saƙonka, aikin dare muke yi wannan satin shi ya sa sai yanzu.

Wallahi na ji daɗi da ka ce autanku gyaran jirgi yake so, amma dan Allah ka faɗa masa tun yanzu, takardar makaranta daban lasisi daban. Kwalejin nan ta koyon aikin jirgin sama da ke Zariya, NCAT, da aka kafa tun 1964, za ta koya masa aikin, ko dai gangar jirgi da inji ko kuma ɓangaren lantarki da na'urori, to amma ba ita ke ba da lasisi ba, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya ce, wato NCAA, sai ya zauna jarrabawarsu kuma sai sun duba littafin aikinsa, duk abin da ya taɓa a jikin jirgi an rubuta rana da lambar jirgin kuma injiniya mai lasisi ya sa hannu. A ƙa'idar ICAO, hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ko ka gama kwas ɗin da aka amince da shi sai ka yi aƙalla shekara 2 hannunka cikin baƙin mai. Bayan nan kuma ga horon nau'in jirgi, wanda ya iya Boeing 737 ba shi da ikon sa hannun sallamar jirgin Embraer bayan gyara sai ya yi nata kwas ɗin.

Ni abin da nake so ya gane shi ne nauyin sa hannun nan. Ina ɗalibi akwai daren da muka gama aiki aka ƙirga kaya, ƙaramar sifana ɗaya babu. Ogan namu ko faɗa bai yi ba, kawai ya ce jirgin nan ba inda za shi, muka sake kwance duk abin da muka ɗaure har asuba, ashe tana can ta maƙale bayan waya a rumbun taya. Mutum sama da 100 ne za su hau da safe fa. Har yau in zan sa hannu sai na tuna daren nan.

Autan naku ya riƙe lissafi da Turanci da kyau, don littattafan gyaran da Turanci suke kuma ba a ɗaure ko noti ɗaya da ka. Ka ba shi lambata ya kira ni ranar Lahadi bayan la'asar, ina gida.

Ka gaida Hajiya in kun yi waya, a sa mu a addu'a in an shiga Harami.

Naka,
amininka na Kano