Godiya ga Sashen Aikin Jijiyoyin Jinin Ƙwaƙwalwa

Assalamu alaikum.

Zuwa ga shugaban sashe da likitoci da ma'aikatan jinya. Na rubuto ne a madadin iyalinmu, domin mu gode muku a bainar jama'a kan yadda kuka riƙe mahaifiyarmu.

Ta daɗe tana jin wani huci a kunnen hagu, yana tafiya daidai da bugun zuciyarta, har barci ya gagare ta. Hoto ya nuna jijiyar da ke kawo jini ta haɗe kai tsaye da mai mayar da shi, a cikin tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa. Kuka ce za a toshe mahaɗar ba tare da an buɗe kai ba: a zura siririn bututu ta jijiyar jinin gindin cinya har wurin, a ɗura wani ruwa mai suna Onyx da ke daskarewa a cikin jijiya.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne zaman da likita ya yi da mu kafin mu sa hannu. Ya zana mana a takarda yadda jijiyar wannan tantani take da ƙananan rassa masu kai jini ga jijiyar motsa fuska, a wasu mutane ma har da hanya zuwa ido. In ruwan ya kauce ta can, baki na iya karkacewa, ko gani ya tafi. Ya ambaci shanyewar ɓarin jiki, da zubar jini a ƙwaƙwalwa, da maƙalewar bakin bututun. Ƙanwata ta fashe da kuka, ya dakata har ta natsu, sannan ya ce irin mahaɗar da Mama ke da ita, wadda jini ke komawa da baya cikin jijiyoyin ƙwaƙwalwa, barinta haka ma haɗari ne. Ba kowane likita ne ke da wannan haƙurin ba.

Ana tsakiyar ɗura ruwan bugun zuciyarta ya yi ƙasa, abin da kan faru idan aikin ya motsa jijiyar jin fuska. Aka tsaya, likitan da ke sa barci lokacin aiki ya yi mata allura, bugun ya dawo, aka ƙarasa. Da ba ku faɗa mana ba, da ba za mu taɓa sani ba.

Ga ma'aikatan jinya kuwa, sai dai addu'a. Awa 6 ƙafarta na miƙe, suna zuwa suna duba wurin hujin ko ya kumbura, suna taɓa bugun jini a ƙafa, suna sa ta murmushi su ga ko fuskar daidai take. Su suka kwantar mana da hankali kan warin tafarnuwa da numfashinta ya riƙa yi, wai daga sinadarin da aka narkar da Onyx ɗin a ciki ne. Bayan 'yan makonni gashi ya zube mata a gefe guda saboda hasken na'urar hoto. An riga an gargaɗe mu, kuma ya sake tsirowa.

Hucin kunne ya tafi, hoton wata 6 kuma ya nuna mahaɗar a toshe. Allah Ya saka muku da alheri, Ya ƙara basira.

Naku,
Babban ɗan majinyaciyar